Dariyar da Aka Jiyo a Cikin Takabata

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa a kaina a dangin ubanku, kuma na san kun sani, kunya ce kawai ta hana ku tambayata. Ana cewa uwarku ta yi dariya a cikin takaba tun ƙasar kabarin mijinta ba ta kwanta ba, dariyar da aka jiyo har zaure. To ba ƙarya aka yi mini ba, na yi. Abin da ba a faɗa muku ba shi ne abin da na yi wa dariyar, kuma saboda shi ne na sa aka sayo mini wannan kaye, wato littafin rubutu, da bik, nake zaune ina ta fama da baƙaƙen da rabona da su tun 'yan azuzuwan da na yi a lakwal. Ku duka za ku karanta, amma babbanku na fi so ya karanta, domin shi ne ya ji da kunnensa, kuma yau shekara tara ke nan bai sake kwana a gidan nan ba.

Ni dai tun ina yarinya Allah ya ɗora mini son wasan kwaikwayo, kuma ban taɓa roƙonsa ya sauke mini ba. Da can na rediyo ne, wanda muke kamowa daga ƙetaren iyaka. Ina suyar kifi a hanyar tabki, rediyo na rataye a reshen dogon yaro, Allah kaɗai ya san yawan karfasar da na ƙona saboda wata mata da ban taɓa gani ba ta shiga uku a cikin akwati. Daga baya maƙwabciyarmu Saratu, wadda kuke kira Mama Saratu, mijinta ya sa musu pano mai ɗaukar hasken rana da batir, suka kawo tele. Daga ranar gidanta ya zama gidana bayan magariba. Ita Kirista ce, ni Musulma, katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin da wani abu. Ran Lahadi in ta tafi majami'a ni ke duba mata tukunya, da azumi ita ke hura mini wutar kunu. Amma gaskiya abin da ya ɗinke mu shi ne mu biyun ba mu iya kallo baki rufe ba. Mukan zagi mugu, mu gargaɗi yarinyar da za a yaudara, mu yi fushi da ita in ta ƙi ji.

Babanku shofer ne, kun sani, kamyonsa tsakanin Maradi da Jibiya. Shi wasan kwaikwayo bai dame shi ba ko kaɗan. In ya ga na dawo ido ja sai ya ce, "Yau kuma wa ya mutu a gidan Saratu?" Amma a ajiye masa lido, to nan za ku ga wani mutum daban. Duk ranar da bai yi tafiya ba, bayan la'asar, mu huɗu ne a kan tabarma: ni da shi, da Saratu da mijinta. Ba na kuɗi ba ne, na baki ne kawai, amma yadda muke yinsa sai ku rantse gona aka sa. 'Ya'yan lido masu launin kore su ne nasa, ba mai taɓa masa. Kuma bari in faɗa muku abin da ba ku sani ba game da dattijon nan mai yawan tasbihi: ubanku maguɗi yake yi a lido. In ya ga za a cinye masa ɗa, sai ya yi tari sau biyu, ya ɗaga kai wajen ƙofa ya ce wai wa ke sallama. Kafin mu juyo ya tura ɗan nasa gaba da ƙaramin yatsa. Duk mun sani. Shekara da shekaru muna juyawa mu dubi ƙofar da ba kowa, don kawai mu bar shi ya ji daɗinsa.

Ciwon da ya ɗauke shi bai ba mu lokacin shiri ba. Kwana goma sha ɗaya muka yi a likita, wato asibiti, a Maradi, ni ce a gefen gadon dare da rana, a gabana mutumin nan mai ƙiba da faɗin murya ya zube ya koma kamar ba shi ba. Ba zan kwatanta muku fuskarsa ta ƙarshe ba, ba ku da bukatar ta. Abin da zan ce kawai, fuskar nan ta biyo ni gida ta zauna mini a ido. Na rufe ido ita ce, na buɗe ita ce. Na yi ƙoƙarin in tuno shi yana tafiya, ko yana cin tuwo, ko yana faɗa da ni, na kasa. Shekara talatin da biyar na zama da mutum, sai ga shi abin da ya rage mini kwana goma sha ɗaya ne.

Yaya Abu, yayar babanku, ita ta zo daga Gabi ta zaunar da ni takaba. Ku kun san ta da tsanani, kuma haka take, amma kada wanda ya zage ta a gabana. Ta baro gonarta ana tsakiyar noma ta zo ta tare a ɗakina, ita ke daka, ita ke girki, ita ke ɗebo mini ruwan alwala. Ita ma ta yi tata takabar tana da ƙuruciya, kuma yadda aka yi mata haka ta sani: ba kwalli, ba turare, ba fita, murya ƙasa, kai ƙasa. Ta lulluɓe rediyona da tsumma ta ɗora bisa rumbu. Allon lido kuwa ban san ma inda ta kai shi ba. Ban yi mata musu ba, don a lokacin ko wuta ta ce in shiga zan shiga. Na juya fuska bango na kwanta. Tuwo ya zo ya koma, fura ta zo ta yi tsami. Bayan sadakar bakwai masu gaisuwa suka ja baya, ku mata kuka koma ɗakunan mazajenku, babbanku ya koma kasuwancinsa a Katsina, gida ya rage daga ni sai Yaya Abu sai fuskar nan. Zanen da nake ɗaurawa sau ɗaya ya koma yana zagaye ni har ya yi saura. Ina jin Yaya tana cewa masu leƙowa, "Haƙuri take yi," alhali ni na san bin sa nake yi a hankali.

Saratu ta san mai takaba ba ta fita, ta san ba za a bar ta ta shigo da kallo ba. Amma ta lura ba wanda ke korar mai gaisuwa. Sai ta mai da gaisuwa sana'a. Kullum bayan azahar za ta yi sallama, ta gaida Yaya har ƙasa, ta zauna bakin gadona. Wata rana, bayan ta gama ya haƙuri, sai ta ce:

"Zulai, kin san Alhajin nan mai rowa? Jiya an sace mishi rago."

Na gane wanda take nufi. Alhajin cikin wasan da muke bi ne kafin rasuwar, mai 'ya'ya uku da makullin rumbu a wuya. Na ƙara juyawa bango. Ita kuwa ba ta jira ni ba, ta shiga ba da labari, tana yin muryar Alhaji, tana yin ta matarsa, tana tashi tsaye ta nuna yadda ya bi sawun rago har cikin gidan limamin unguwarsu. Yaya Abu tana tsintar wake a bakin ƙofa. Ita ba ta taɓa zama gaban tele ba a rayuwarta, sai ta ɗauka wani mutumin garinmu Madarunfa ne ake magana.

"Subahanallahi," in ji ta. "Wace unguwa yake, wanga bawan Allah?"

"Can baya ne, Yaya, ba ki san shi ba," in ji Saratu, ko ido ba ta ƙifta ba.

Allah ya yafe mana, haka muka bar ta. Kullum Saratu ta kalla da magariba, gobe ta kawo mana. Yaya ta riƙa matso da tabarmarta, tana tsine wa ɗan Alhaji na tsakiya, tana cewa in ita ce uwarsa da ta san abin da za ta yi. Ni kuma, ban san ranar da abin ya fara ba, na tsinci kaina ina sauraron sallamar Saratu. Wata rana na juyo daga bango. Wata rana na tashi zaune. Ranar da na buɗe baki na ce, "To sai me ya faru?" Saratu ta miƙo mini kwanon fura ta ce sai na sha rabi za ta faɗa. Na sha. Da irin wannan cinikin ta mai da ni cin abinci, loma ɗaya labari ɗaya, kamar mai lallashin yaron da aka yaye.

Ranar da ake magana a kai, mun haura kwana hamsin. Yaya tana tsakar gida tana sheƙar gero. Saratu ta zauna ta tanƙwashe ƙafa, ta ce jiya Alhaji lido ya zauna yi da surukinsa. Na ce a raina yaushe Alhaji ya fara lido. Ta ce kore ya ɗauka. Ta ce surukin ya jefa sis, wato shida, ya biyo shi, saura kaɗan ya cinye masa ɗa. Sai ta gyara zama, ta turo ciki gaba, ta yi tari sau biyu, ta ɗaga kai wajen ƙofa ta ce da wata katuwar murya:

"Kai, wai wa ke sallama?"

Na juya na dubi ƙofa. Wallahi na juya. Da na juyo sai ga ƙaramin yatsanta yana tura ɗan dutse a kan tabarma.

"Saratu, ki ji tsoron Allah," na ce. "Wanga ba Alhajin tele ba ne. Malam ne, mai gidana."

Ta yi tsuru-tsuru, sai idonta ya kawo ruwa.

"Batir ya mutu yau kwana tara, Zulai. Ban ga komi ba. Duk abin da na hwaɗa miki tun rannan ni na ƙaga shi. Yau kaina ya ƙare, na rasa mi zan ce, sai shi ya zo mini. Ki gahwarce ni."

Ban ji ƙarshen maganarta ba. Domin a daidai lokacin na gan shi. Ba na gadon likita ba, shi kansa, da ƙibarsa, da hularsa a karkace, da fuskar nan ta marar laifi da yake yi in ya gama maguɗi. Kwana hamsin ina neman mutumin nan a cikin kaina ban same shi ba, sai ga shi a kan tabarma yana satar gida biyu. Dariya ta ƙwace mini. Ba ɗan murmushi ba, irin wadda ke kama ciki, ina yi hawaye na zuba, ina cewa, "Haka yake yi, wallahi haka yake yi!" Saratu ma ta kama, muka riƙe juna muna yi. Ban taɓa jin daɗin dariya kamar wannan ba, kuma ban taɓa biyan wata da tsada kamar ta ba.

Labule ya ɗaga. Yaya Abu ce, riƙe da ƙullin kaya, fuskarta kamar an aiko ta da mutuwa.

"Ɗanki ya zo daga Katsina don ya gan ki," ta ce. "Ya tsaya zaure, ya ji abin da ya ji. Ya ce a ba ki wanga, ya koma."

Ta ajiye ƙullin, sabulu ne da shinkafa da zane baƙi. Sannan ta juya kan Saratu.

"Ashe wasan tele kuke kawo mini cikin takabar ƙanena? Kunka zaunar da ni, da hurhurata, ina yi wa mutanen ƙarya addu'a? Tashi ki hita. Kada in sake ganin ƙahwarki gidan ga sai ta wanke."

Saratu ta miƙe tana neman takalmi. Nan ne na yi abin da har yau ake riƙe da ni a kansa. Ni da ban ɗaga murya ba tun ranar jana'iza, na kama bakin zanenta na ce ta zauna.

"Yaya, mun yi miki laihi da munka bar ki cikin duhu, wannan ki yahe mana. Amma Saratu ba ta hita. Kwalli an hana ni, na bari. Hita an hana ni, na bari. Ba wanda ya ce in mutu. In ba don matar ga ba, da yanzu takaba ta haɗe muku da zaman makoki na biyu."

Yaya ta saki labule ta fita. Washegari da safe ta ɗaure kayanta ta hau amalanke ta koma Gabi, ta bar ni da sauran wata biyu da kwanaki. Kafin mako ya zagayo labari ya gama dangi, kuma kun san labari ba ya tafiya da ƙafarsa kaɗai: aka ce tele aka shigo da ita ɗaki, aka ce lido muke bugawa, har aka ce an ji guɗa. Ranar da na wanke takaba, daga dangin babanku mutum biyu suka zo. Saratu ce ta ƙarasa zaman da ni, ita ke daka, ita ke girki, kuma ta kiyaye mini dokokin takabar fiye da yadda ni zan kiyaye, har ita ke tuna mini lokacin salla.

Yanzu za ku ce, to Inna, me ya hana ki kira shi ki yi masa bayani? Ga waya, ga mota kullum tana zuwa Katsina. Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. Shi ɗan fari ne. Yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi Yaya Abu ta ɗauke shi zuwa Gabi, a hannunta ya girma, ita ce uwar da ya sani da baki. Ni tsakanina da shi gaisuwa ce, ina kallon gefe, in ce "Babba ya iso?" kamar da bango nake magana. To ta yaya zan zaunar da shi in ce zo ka ji yadda ubanka yake tari? Da wane bakin? Na ce bari ya huce, zai tambaya. Shi ma ɗan kunya ne, bai tambaya ba. Kuma kada in ɗora wa al'ada duka, akwai nawa taurin kan. Na ji haushi da ya yanke mini hukunci daga zaure, bai ɗaga labule ya ga hawayen ba. Na ce tunda haka ya zaɓa, ya je. Shekara ta bi shekara. Bai taɓa yanke mini aike ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yakan zo da salla, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaishe ni, kafin la'asar ya ce hanya, ya tafi ya kwana a Maradi. Duk ranar da ya yi haka ba na iya cin tuwon dare.

Ban fito daga shekarar nan yadda na shiga ba. Da ni mai kallo ce kawai, in ci in sha in zagi mugu a tele. Saratu ta nuna mini abin da labari yake iya yi wa wanda ya juya fuska bango. Tun daga lokacin, duk matar da ta shiga takaba a unguwar nan, ko wadda ciwo ya kwantar, ina zuwa gaisuwa, kuma gaisuwata tana da tsawo. Na koyi fara neman izinin tsofaffin gidan, na koyi faɗa musu gaskiya cewa wasa ne. Wasu sun kore ni, da yawa sun matso da tabarma. Wasan Alhaji kuwa na same shi daga baya a waya na kalla har ƙarshe, kuma ina gaya muku na Saratu ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Ita yanzu tana Maradi wajen ɗanta, ƙafa ta hana ta yawo, amma jikokina sun sa mana lido a waya, kullum bayan la'asar sai mun buga, tana can ina nan. Abin haushin kawai, a waya ba a iya maguɗi.

Yaya Abu ma ba mu rabu da gaba ba, alhamdu lillahi. Da ciwon ajali ya kama ta na tafi Gabi na yi kwana shida ina jinyarta. Ba ta ta da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Ana gobe za ta rasu, ina shafa mata mai a ƙafa, ta buɗe ido ta ce:

"Zulai, wai Alhajin nan, an gane mishi ragonshi?"

Na ce an gane, Yaya, ɗansa na tsakiya ne ya sayar. Ta ce ai ta faɗa. Iyakar abin da muka yi ke nan, kuma ya ishe mu. Na so in roƙe ta ta yi wa ɗan da ta rena magana, na ga numfashinta ya yi nauyi, na bari. Ta tafi da nata sanin, ta bar ni da nawa aikin.

Na gode wa Allah da ya ba ni miji mai sa dariya ko bayan ransa. Na gode masa da maƙwabciyar da ta yi kwana tara tana ƙaga ƙarya don in sha fura. Na gode da Yaya da ta baro gonarta saboda ni. Abu ɗaya ya rage mini, kuma na ga shekaru sun fara yi mini sallama, ba zan tsaya jiran kunya ta ba ni izini ba. Bakina bai iya ba, to ga hannuna.

Lawali. Lawali ɗana. Dariyar da ka ji ba ta mantuwa ba ce, ranar ce na samo ubanka bayan na yi kwana hamsin ina nemansa. Da ka ɗaga labule da ka same shi tare da mu. Laifina ne da na bar ka shekara tara da wannan a ciki, ka yafe mini. In ka zo sallar bana kada ka ce mini hanya. Ka sa a shigo da jakarka ɗaki.